Sikotlan a 2014: Shekarar da Wanda Aka Kayar Ya Tashi da Kambu

Da misalin ƙarfe shida na safiyar Juma'a, 19 ga Satumba 2014, aka karanta sakamakon gundumar Fife a ƙuri'ar raba-gardama kan 'yancin Sikotlan da aka jefa ranar 18 ga wata, daga nan lissafi ya rufe. Mutum 2,001,926 sun ce Sikotlan ta ci gaba da zama cikin Birtaniya, mutum 1,617,989 sun ce ta ɓalle. Kashi 55.3 ke nan da kashi 44.7, tazarar ƙuri'a 383,937. Kafin magariba Alex Salmond, Ministan Farko na Sikotlan kuma jagoran masu son ɓallewa, ya sanar da cewa zai sauka. Duk wanda ya tsaya nan zai ce magana ta ƙare. Amma wata takwas bayan haka jam'iyyarsa ta SNP, jam'iyyar masu kishin ƙasar Sikotlan, wadda aka kayar, ta kwashe kujeru 56 cikin 59 da Sikotlan ke da su a majalisar dokoki ta Landan. Jam'iyyar Leba kuwa, wadda ta ɗauki mafi nauyin aikin kare haɗin kan ƙasa kuma ta yi nasara, ta faɗo daga kujeru 41 zuwa ɗaya tal. Wannan juyi ba sa'a ba ce. Dalilansa suna cikin yadda aka tsara ƙuri'ar da kuma hanyar da aka bi aka ci ta.

Tun 1603 Sikotlan da Ingila ke da sarki ɗaya, majalisunsu kuma suka haɗe a 1707, amma Sikotlan ta riƙe tsarin shari'arta da cocinta da makarantunta. A 1999 ta sake samun majalisar kanta a Edinburgh, bayan kashi 74 na masu zaɓe sun amince a 1997. Majalisar tana da kujeru 129: 73 na mazaɓu, 56 kuma ana raba su bisa jerin sunayen jam'iyyu a yankuna takwas, ta yadda jam'iyyar da ta kwashe mazaɓu da yawa sai rabonta na jerin sunaye ya ragu. An gina tsarin ne don ya yi wuya wata jam'iyya ta samu rinjaye ita kaɗai. A 2011 SNP ta samu 69. Abin da aka ce da wuya ya faru, ya faru.

Sai dai rinjaye a Edinburgh ba ya ba da ikon shirya ƙuri'ar ɓallewa. Dokar Sikotlan ta 1998 ta bar batun haɗin masarautun biyu a hannun Landan. Mafita tana cikin sashe na 30 na dokar, wanda ya ba da dama a miƙa wa Edinburgh wani iko idan majalisun biyu sun yarda. Kan wannan Firaminista David Cameron da Salmond suka sa hannu a Yarjejeniyar Edinburgh ranar 15 ga Oktoba 2012. Aro ne, ba kyauta ba: ƙuri'a ɗaya, tambaya ɗaya, kuma a yi ta kafin ƙarshen 2014.

A cinikin nan kowa ya ɗauki abin da yake ganin riba ce. Salmond ya so a sa zaɓi na uku a takardar, wato ƙarin iko mai faɗi ga Edinburgh ba tare da ɓallewa ba, domin binciken jin ra'ayi ya nuna cewa wannan ne ya fi karɓuwa ga jama'a. Cameron ya ƙi. Lissafinsa shi ne masu son ɓallewa ba su wuce kashi ɗaya bisa uku ba, don haka a yi ta fito-na-fito a binne maganar. A madadin haka ya bar wa Salmond zaɓen rana, da tsara tambaya, da yanke wa zai jefa ƙuri'a. Kowanne cikin ukun nan ya yi tasiri.

Ranar ta ba masu neman ɓallewa kusan shekara biyu na yaƙin neman zaɓe, wanda ke baya kuwa babu abin da yake buƙata kamar lokaci. Tambayar da gwamnatin Sikotlan ta fara kawowa tana farawa ne da "Ka yarda cewa…", sai hukumar zaɓe ta gwada ta a kan jama'a ta ce tana jan mutum zuwa ga amsa "E". Aka mayar da ita: shin Sikotlan ta zama ƙasa mai cin gashin kanta? Duk da gyaran, kalmar "E" ta zauna a hannun masu ɓallewa, su kuma masu kare haɗin kai aka bar su da aikin tallar "A'a" har shekara biyu. Tallar "A'a" ba ta tara matasa a dandali.

Batun masu jefa ƙuri'a kuwa an bi wurin zama ne, ba asali ba. An saukar da shekaru zuwa 16, matasa sama da 100,000 'yan shekara 16 da 17 suka yi rajista. 'Yan Tarayyar Turai mazauna Sikotlan sun yi zaɓe, haka ma 'yan ƙasashe renon Ingila masu izinin zama. Ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru da ke aiki a Aberdeen yana da ƙuri'a, amma haifaffen Glasgow da ya koma Landan ba shi da ita, kuma irinsa sun kai wajen 800,000 a sauran sassan Birtaniya. An yi ƙorafi sosai, sai dai babu wata hanya mai sauƙi ta tantance wane ne ɗan Sikotlan idan aka bar rajistar wurin zama. Mutum kusan miliyan 4.3 suka yi rajista, kimanin kashi 97 na waɗanda suka cancanta.

A Nuwamba 2013 gwamnatin Salmond ta fitar da kundin manufofinta mai shafi 670. Ta sa 24 ga Maris 2016 a matsayin ranar samun 'yanci. Ta ce za a riƙe Sarauniya, a riƙe fam, a zauna cikin Tarayyar Turai da ƙawancen tsaro na NATO, a kuma fitar da makaman nukiliya na Trident daga sansanin Faslane da ke bakin kogin Clyde. Dabarar a fili take: a nuna wa mai tsoro cewa kusan komai zai kasance yadda ya saba. Rauninta ma a fili yake, domin yawancin waɗannan alkawura suna buƙatar amincewar wasu da ba su da dalilin amincewa kafin ranar ƙuri'a.

Rigimar fam

A nan aka yi ainihin yaƙin. Ƙasar da ta ɓalle tana da hanyoyi huɗu game da kuɗi. Za ta iya ƙulla yarjejeniyar kuɗi ɗaya da ragowar Birtaniya, Bankin Ingila ya ci gaba da zama babban bankin ƙasashen biyu. Za ta iya amfani da fam ba tare da izinin kowa ba, kamar yadda Panama ke amfani da dalar Amurka. Za ta iya buga kuɗin kanta, ko ta shiga yuro. Salmond ya zaɓi ta farko, ya kuma ƙi faɗin abin da zai yi idan aka hana shi.

Mutane da yawa sukan ruɗe saboda bankuna uku na Sikotlan, wato Bank of Scotland da Royal Bank of Scotland da Clydesdale, suna buga takardun kuɗinsu. Waɗannan takardu fam ɗin Birtaniya ne, kuma doka ta tilasta wa bankunan su ajiye kadarar da ta yi daidai da abin da suka buga. Buga takarda daban, mallakar kuɗi daban. Mallakar kuɗi ita ce ikon yanke yawan kuɗin ruwa da ikon ceto banki idan ya durƙushe. Mai karatu da ke ciniki da sefa ya san wannan bambanci ba sai an faɗa masa ba.

A ƙarshen Janairu 2014 gwamnan Bankin Ingila, Mark Carney, ya je Edinburgh ya yi bayani cikin taka-tsantsan cewa ƙasashen da ke raba kuɗi ɗaya dole kowacce ta sallama wani ɓangare na ikonta kan kasafi, ya kuma kafa hujja da abin da ya sami ƙasashen yuro. Ranar 13 ga Fabrairu ministan kuɗi George Osborne ya zo birnin ya ce babu batun raba fam, masu magana kan kuɗi na Leba da Liberal Democrat suka mara masa baya a rana ɗaya. Har shawarar babban sakataren baitulmali, Nicholas Macpherson, aka wallafa, abin da ba a saba yi ba. Hujjarsu ita ce bankunan Sikotlan sun fi ƙarfin tattalin arzikinta, domin baitulmali ta ƙiyasta kadarorinsu da ninki goma sha biyu na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma ba a manta da fam biliyan 45 da aka zuba don ceto Royal Bank of Scotland a rikicin 2008 ba. Salmond ya mayar da martani cewa barazana ce kawai, kuma idan aka hana Sikotlan rabonta na fam, ita ma ba za ta ɗauki rabonta na bashin Birtaniya ba.

Kwana uku bayan Osborne, shugaban hukumar Tarayyar Turai José Manuel Barroso ya ce shigar Sikotlan cikin ƙungiyar zai yi matuƙar wuya, in ma zai yiwu. Dalili shi ne sabuwar mamba tana buƙatar amincewar kowace ƙasa, Sifaniya kuma tana da Kataloniya, yankinta mai neman ɓallewa, a wuyanta. Masu kare haɗin kai suka mai da wannan taken yaƙi: in kana son zama a Turai, ka ce "A'a". A riƙe wannan magana, za ta dawo.

Abin mamaki, jawabin Osborne bai rage goyon bayan ɓallewa ba a wancan lokaci. Minista ɗan jam'iyyar Konzabatib ya taso daga Landan ya gaya wa mutanen da suka ba jam'iyyarsa kujera ɗaya kacal a 2010 abin da ba za su samu ba; da yawa suka ji abin a matsayin raini. Amma tambayar ta zauna a zuciyar mai fansho da mai bashin gida da mai ɗan ajiya a banki. A muhawarar talabijin ta 5 ga Agusta, Alistair Darling, tsohon ministan kuɗi na Leba wanda ke shugabantar Better Together, ƙungiyar da ta haɗa jam'iyyun masu cewa "A'a", ya riƙa maimaita wa Salmond tambaya ɗaya, ina dabararka ta biyu, Salmond ya kasa ba da amsa. A muhawara ta biyu ranar 25 ga Agusta a Kelvingrove da ke Glasgow, Salmond ya rama, ya matsa wa Darling kan rage kuɗin tallafi da makomar asibitocin gwamnati, ya kuma tsayar da shi a matsayin mai kare manufofin Konzabatib. A nan Leba ta fara biyan kuɗin shiga ƙungiya ɗaya da abokan gabarta.

Man fetur shi ne ƙafa ta biyu ta lissafin. Kundin gwamnati ya gina hasashensa kan farashin dala 113 a ganga, ya ce harajin man Tekun Arewa zai kai tsakanin fam biliyan 6.8 da 7.9 a shekarar kuɗi ta 2016 zuwa 2017. A watan Agusta attajirin harkar mai na Aberdeen, Ian Wood, ya ce ganga biliyan 24 da ake cewa sun rage sun yi yawa, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne biliyan 15 zuwa 16.5. An yi ta jayayya kan yawan gangunan, ashe farashin ne zai ci amana. A watan Yuni ganga tana kusan dala 115, kafin ƙarshen Disamba ta sauka ƙasa da 60, faɗuwar da ta jijjiga kasafin Najeriya a daidai wannan lokaci. Man Tekun Arewa yana da tsadar haƙa, kuma kamfanoni suna cire kuɗin da suka kashe kafin a lissafa haraji, don haka idan farashi ya faɗi rabi, haraji ba rabi yake faɗuwa ba, kusan ɓacewa yake yi. Abin da aka samu a waccan shekarar da aka yi wa hasashen biliyoyi bai wuce fam miliyan 200 da 'yan kai ba. Da "E" ta ci, da sabuwar ƙasa ta fara rayuwa da babban giɓi. Masu ɓallewa na gaskiya sun san haka.

Bazarar Glasgow

Shekarar ba ta siyasa kaɗai ba ce, ko da yake siyasa ta leƙa cikin komai. A ƙarshen Yuni aka yi bikin cika shekara 700 da yaƙin Bannockburn, inda Robert Bruce ya kayar da Sarki Edward na Biyu na Ingila a 1314, sai gwamnatin Landan ta kai bikin ranar sojojin Birtaniya garin Stirling, nan kusa, a ƙarshen mako ɗaya. Ranar 4 ga Yuli Sarauniya ta raɗa wa babban jirgin yaƙi mai ɗaukar jiragen sama suna a Rosyth, tunatarwa ga ma'aikatan ƙera jiragen ruwa game da inda kwangilarsu ke fitowa.

Daga 23 ga Yuli zuwa 3 ga Agusta Glasgow ta karɓi gasar wasannin ƙasashe renon Ingila, tawaga 71. Glasgow ta kayar da Abuja ne ta samu wannan dama, da ƙuri'a 47 da 24, a taron Colombo na 2007. Birnin bai gina sabon babban filin guje-guje ba. Filin ƙwallo na Hampden aka ɗaga ƙasansa kusan mita biyu a kan ginshiƙan ƙarfe aka shimfiɗa hanyar tsere, bayan gasa aka kwance. A kan wannan hanya Blessing Okagbare ta ci zinare a mita 100 da mita 200. Sikotlan, wadda a wannan gasa take fita da tutarta ba ta Birtaniya ba, ta samu lambobi 53, 19 na zinare, ta zo ta huɗu. An yi zaton hakan zai ɗaga masu ɓallewa, amma binciken jin ra'ayi bai nuna wani motsi na a-zo-a-gani ba. Haka gasar golf ta Ryder Cup da Turai ta ci a Gleneagles mako guda bayan ƙuri'ar: an sha kallo, an watse.

Glasgow ɗin ta sha baƙin ciki sau biyu. Ranar 23 ga Mayu gobara ta cinye ɗakin karatu na makarantar zane-zane da Charles Rennie Mackintosh ya tsara. Iskar da ke fita daga gwangwanin kumfar da wani ɗalibi ke aiki da ita ce ta kama wuta a jikin na'urar haska hoto mai zafi, tsofaffin hanyoyin iska na cikin bango suka kai wutar sama, na'urar kashe gobara kuwa ana cikin haɗa ta ba a gama ba. Ranar 22 ga Disamba kuma direban motar kwashe shara ya suma a kan sitiyari a tsakiyar gari, mutum shida suka mutu. Edinburgh ta buɗe taragon cikin gari ranar 31 ga Mayu, layi ɗaya mai kilomita 14 da ya ci fam miliyan 776, bayan jinkirin shekara uku da rigima da 'yan kwangila, kuma bai kai inda aka tsara tun farko ba.

Kwana goma sha ɗaya na ƙarshe

Ranar 7 ga Satumba jaridar Sunday Times ta buga binciken kamfanin YouGov: "E" kashi 51, "A'a" kashi 49, idan aka cire waɗanda ba su yanke shawara ba. Bincike ɗaya ne, tazararsa kuma tana cikin iyakar kuskuren da aka saba, amma Landan ta firgita. Darajar fam ta sauka. Cameron da Ed Miliband na Leba da Nick Clegg na Liberal Democrat suka bar zaman tambayoyin Firaminista na ranar Laraba suka garzaya arewa. Royal Bank of Scotland da Lloyds suka sanar da cewa za su mayar da rajistar hedikwatarsu Ingila idan "E" ta ci. Sarauniya, wadda ba ta sa baki a siyasa, ta ce wa ɗaya daga cikin masu gaishe ta a ƙofar coci kusa da Balmoral, gidanta na Sikotlan, tana fatan mutane za su yi tunani sosai game da gaba, kuma kowa ya fahimci inda maganar ta nufa.

Wanda ya tsaya ya riƙe ragamar shi ne Gordon Brown, tsohon Firaminista wanda a lokacin ɗan majalisa ne kawai ba shi da wani muƙami. Ranar 8 ga Satumba ya sanar da jadawalin miƙa ƙarin iko, kamar shi ne gwamnati, shugabannin uku suka bi. Ranar 16 ga wata jaridar Daily Record ta buga alwashin da su ukun suka sa wa hannu a shafin farko: majalisar Sikotlan za ta dawwama, za a ba ta sabon iko mai faɗi, kuma tsarin Barnett, wanda da shi ake lissafa kason Sikotlan daga baitulmali, zai ci gaba. Wato zaɓi na uku da Cameron ya hana a sa a takarda a 2012, shi ya kawo da hannunsa saura kwana biyu. Kuma cikin masu zaɓe ta gidan waya, kusan 790,000, da yawa sun riga sun aika ƙuri'unsu kafin a yi wannan tayi.

Ko alwashin ya canza sakamako? Binciken da aka yi bayan zaɓe ya nuna cewa mafi yawan masu cewa "A'a" sun daɗe da yanke shawara, kuma fam da fansho da tsoron abin da ba a sani ba su ne suka fi nauyi a wurinsu. Alwashin bai ceci haɗin kai ba, bashi ya ɗora masa.

An buɗe rumfuna daga ƙarfe bakwai na safe zuwa goma na dare. Ƙidaya a gundumomi 32 aka yi ta, kowacce ta fara tantance cewa yawan takardun da ke cikin akwati ya yi daidai da abin da aka bayar, sannan a raba "E" da "A'a", a aika wa babbar jami'ar ƙidaya Mary Pitcaithly a Ingliston, kusa da Edinburgh, ta amince kafin a karanta. Akwatunan tsibirai da jirgin ruwa da jirgin sama aka kawo su. Kashi 84.6 na masu rajista suka fito, ƙuri'un da suka lalace 3,429 ne kawai. Gundumomi huɗu ne suka ce "E": Dundee da kashi 57, West Dunbartonshire, Glasgow da kashi 53.5, da North Lanarkshire. A Inverclyde ƙuri'a 86 ce ta raba su. Orkney da yankunan kan iyaka da Ingila sun ce "A'a" da kusan kashi biyu bisa uku, Edinburgh da kashi 61.

Taswirar nan ita ce labarin. Uku daga cikin gundumomi huɗun nan tsofaffin garuruwan masana'antu ne na yammacin ƙasar, inda ake gadon zaɓen Leba kamar yadda ake gadon gida, ta huɗu kuma Dundee mai irin wannan tarihi. Wurare da dama na karkarar arewa maso gabas da SNP ta daɗe tana ci, har da Aberdeenshire ta Salmond kansa, sun ce "A'a". Inda talauci ya fi yawa "E" ta fi ƙarfi, amma nan ne kuma fitowa ta fi rauni: Glasgow kashi 75, East Dunbartonshire mai masu hali kashi 91. Binciken Lord Ashcroft na ranar zaɓe ya nuna kashi 73 na waɗanda suka haura shekara 65 sun ce "A'a". Tsofaffi da masu abin hannu suka ci zaɓen, talakan Leba kuma ya gano cewa zai iya saɓa wa jam'iyyarsa sama ba ta faɗo ba.

Sa'a guda bayan tabbatar sakamako Cameron ya fito ƙofar ofishinsa, maimakon ya tsaya kan lallashi, sai ya haɗa alwashin da wani sabon batu: 'yan majalisar Ingila su kaɗai su riƙa yanke dokokin da suka shafi Ingila. Tarko ne ya ɗana wa Leba, wadda ke dogaro da kujerun Sikotlan, amma a arewa an ji shi kamar an fara janye alkawari tun tawada ba ta bushe ba. Darling ya roƙe shi kada ya yi, bai ji ba.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A ranar ƙuri'a SNP tana da mambobi kimanin 25,000. Kafin ƙarshen shekara sun haura 90,000. Dubban mutanen da suka koyi buga ƙofa da shirya taro a ƙarƙashin Yes Scotland, babbar ƙungiyar masu cewa "E", da ƙananan ƙungiyoyi irin su Radical Independence da Women for Independence sun nemi inda za su zuba ƙarfinsu, ƙofa ɗaya suka gani a buɗe. Better Together kuwa ta watse washegari, domin babu abin da ya haɗa mambobinta sai kalmar "A'a". Ranar 24 ga Oktoba shugabar Leba a Sikotlan, Johann Lamont, ta yi murabus tana zargin uwar jam'iyya da ɗaukar Sikotlan kamar ofishin reshe, kalmar da abokan hamayya suka riƙe har yau. Jim Murphy, wanda ya zagaya garuruwa 100 yana jawabi a kan akwatin lemo har aka jefe shi da ƙwai a Kirkcaldy, ya gaje ta a Disamba, ya rasa kujerarsa a zaɓen Mayu 2015. Lissafin mai sauƙi ne. A ƙuri'ar raba-gardama kashi 45 faɗuwa ce. A zaɓen mazaɓu, inda mai rinjaye ke ɗaukar kujera ko da ƙuri'a ɗaya, kashi 45 da ke wuri ɗaya yana cinye kashi 55 da ya rabu gida uku. SNP ma ta kai kashi 50 a 2015.

Nicola Sturgeon, mataimakiyar Salmond wadda ita ce ta riƙe tattaunawar yarjejeniyar Edinburgh, ta zama shugabar jam'iyya ranar 14 ga Nuwamba ba tare da abokin takara ba, aka rantsar da ita Ministar Farko ranar 20 ga wata, mace ta farko a muƙamin, ta naɗa majalisar ministoci rabi maza rabi mata. Salmond ɗan caca ne a siyasa, mai son fito-na-fito. Ita lauya ce mai auna taku. Wannan hali ya jawo mata masu zaɓen da ba sa jure Salmond, musamman mata, shi ne kuma daga baya 'yan gani-kashe-nin ɓallewa suka riƙa zarginta da shi.

Kwamitin Lord Smith, wanda aka ɗora wa fassara alwashin zuwa doka, ya tara wakilan jam'iyyu biyar ya ba da rahoto ranar 27 ga Nuwamba. Edinburgh ta samu ikon yanke yawan harajin albashi da matakansa, da harajin fasinjan jirgin sama, da wasu kuɗaɗen tallafi na naƙasassu da masu kula da su, da ikon tsara zaɓenta, wanda da shi ta tabbatar da ƙuri'ar 'yan shekara 16. Landan ta riƙe harajin kamfanoni, fansho, mafi ƙarancin albashi, babban tsarin tallafin marasa aiki, shige da fice, da harajin mai. Masu haɗin kai suka ce an cika alkawari, SNP ta sa hannu sannan ta ce bai isa ba, kuma kowannensu yana da abin nunawa. Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne harajin albashi makami ne mai kaifi biyu: tun da aka miƙa shi, idan albashin Sikotlan ya yi jinkirin girma idan aka kwatanta da na sauran Birtaniya, kasafin Edinburgh ne ke ɗaukar asarar.

Salmond da Sturgeon duka sun ce a lokacin yaƙin zaɓe wannan dama ce da ba ta zuwa sai sau ɗaya a zamani guda. Masu haɗin kai kuma sun ce "A'a" ce hanyar zama a Turai. A Yuni 2016 Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, alhali kashi 62 na Sikotlan da dukkan gundumominta 32 sun zaɓi zama. Tun daga nan kowane ɓangare yake karanta wa ɗayan maganarsa ta 2014. Darling ya rasu a Nuwamba 2023, Salmond a Oktoba 2024, bayan ya ɓata da Sturgeon ya kafa wata jam'iyya.

Ikon da aka ara ƙarƙashin sashe na 30 ya ƙare ne da ƙarewar ranar 31 ga Disamba 2014. Sturgeon ta nemi a sake ba ta a 2017, Firaminista Theresa May ta ce lokaci bai yi ba. Ta sake nema, Firaminista Boris Johnson ya ƙi a Janairu 2020. Ta kai maganar Kotun Ƙoli tana tambaya ko Edinburgh za ta iya shirya ƙuri'ar da kanta ba tare da aron ba. Ranar 23 ga Nuwamba 2022 alƙalai biyar suka ce ba za ta iya ba, baki ɗaya.